Iri a Rumbun Baba

Tun Baba yana hawa tsani da ƙafarsa akwai abin da ke cina a rai, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. In na ga ya tsaya tsakar gida ya dafa ƙugu yana maida numfashi, sai gabana ya faɗi, in ce a zuci: ran da babu tsohon nan, wa zai riƙe mana sanyin firigo? Na san ba tunanin kirki ba ne, mutum yana raye kina hangen bayansa. Sai in yi istigfari in koma ga wanke-wankena, amma tunanin ba ya tafiya.

Ɗiyata ta fari tana da ciwon suga tun tana shekara uku. Safe da yamma ana yi mata allura, maganin kuwa ba ya son zafi. In ya sha zafi ya lalace, kuma ido ba ya raba lalatacce da mai kyau, sai a jikin yarinya ake ganewa. Wanda ya yi bazara a Yamai ya san abin da nake faɗi. Wutar kamfani kuma ba ta sallama in za ta tafi.

Baba uban mijina ne. Allah Ya yi masa cikawa wata Talata da hantsi, a ɗakinsa, a gidansa da ke Lazare, inda aka kawo ni amarya shekara bakwai da suka wuce. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Aji uku na yi a lekol, makarantar boko, aka fidda ni, don haka wanda ya ga karkace a rubutun nan ya yi haƙuri. A kaye, littafin rubutu na ɗaliban maigidana, nake yinsa, kaɗan-kaɗan, in yara sun sarara mini. Ina tsoron in ban rubuta ba, ɗiyata za ta girma ba ta san wanda ya tsaya mata ba.

Kafin azahar gida ya cika. Tsofaffin da suka yi aikin wuta tare da shi sun zo su biyar, suka zauna a tabarma ɗaya, sai ɗaya ya ce, "Shekara talatin yana hawa poton wayar wuta, ashe a kan katifa za ta same shi." Matan Zabarmawa na unguwa suna shigowa suna "fonda tilas", gaisuwar mutuwa ta yarensu, muna amsawa. Limamin ƙaramin masallacinmu ya ce tun da aka ja musu waya daga gidan nan bai ƙara fasa maƙogwaro wajen kiran salla ba. Tanti, maƙwabciyarmu mutuniyar Dogondutsi da ke aiki a gidan likita, wadda ta koya mini yin allura, ta shigo da kayan aikinta a jiki. Kirista ce, amma ita ta fara durƙusawa gaban Inna, uwar mijina, ta riƙe hannunta ta ce, "Inna, ni ma yau na zama marainiya."

Wanda ya karya mini zuciya shi ne tela na bayan gidanmu. Bazabarme ne, Baba kuwa Bagobiri, kun san tsakaninsu ba a gaisuwa sai da tsiya. Shekara da shekaru kullum sai sun zagi juna ta kan katanga. Ran nan ya shigo bai gaida kowa ba, ya tsaya a ƙofar ɗakin ya ce, "Bagobiri, gudu ka yi ke nan? To wa zan zaga gobe?" Sai ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska. Ban taɓa ganin kafaɗun dattijo suna rawa haka ba.

Baba ɗan manoma ne daga wajen Maraɗi, aikin wuta ya kawo shi Yamai. Ko da ya bar aiki bakinsa bai bar ƙauye ba. Pannon hasken rana da ya jera, guda shida, bai taɓa kiransu panno ba, gona yake ce musu. Baturan da ke ƙaramin ɗaki kusa da madafa kuwa su ne rumbu. Ya fara haɗa su a watan da aka gano ciwon yarinyar. Ban ji ya yi shawara da kowa ba. Na dai ga ya sayar da babur ɗinsa, ya fara zuwa kasuwar Piti Marshe a ƙafa da taksi, sai ga kaya ana saukewa. Da maigidana ya tambaye shi, cewa ya yi, "Amaryata ce ba ta son zafi. Namijin kirki ba ya barin amarya cikin zafi." Haka yake kiran jikarsa, ita kuma ta murguɗa baki ta ce ba ta auren tsoho marar haƙora.

Kowace safiya bayan ya dawo masallaci sai ya ɗauki bokiti da tsumma ya tafi noma, in ji shi. Yana goge gilasan yana yi musu magana ƙasa-ƙasa. In hadari ya rufe gari ya ce yau gona ta yi fari. Da rana gidan yana cin wutar gona, abin da ya rage ya shiga rumbu. In rana ta faɗi a koma ga kamfani. In kamfani ya ɗauke, a buɗe rumbu. Ya ce gida mai ƙofa uku ba ya kwana da yunwa.

Amma fa akwai doka a kan ƙofofin. A bangon ɗakin rumbu akwai babban makunni mai hannu, shi ne ƙofar kamfani. Ba a buɗe rumbu sai an rufe ta. Ranar da ya fara nuna mini, ya ɗaga hannunsa na hagu, wanda yatsu biyu suka ƙage.

"Kin san abin da ya yi wannan, ɗiyata?"

Na sunkuyar da kai. Suruka ba ta duban idon suruki.

"An yanke wutar layi, mun hau poto ni da abokina muna gyara. Wani gida can ƙasa suka tada gurup ɗinsu, injin wuta, ba su rufe ƙofa ba. Wutarsu ta biyo waya ta zo ta same mu. Ni na sauko da yatsu takwas. Shi saukar da shi aka yi." Ya sauke hannun. "Mai gidan nan har ya mutu bai san ya kashe mutum ba. Fanka kawai yake so."

Tun ran nan ban taɓa kama hannun makunnin ba ban tuna akwai uban wani a bisa poto ba.

Ƴaƴansa maza uku ne, duk sun yi karatu, maigidana ma malamin lekol ne a Tawa, sai hutu muke ganinsa. Amma ni Baba ya zaɓa ya koya wa. Na ce, "Baba, ni da ban iya karatu ba? Ga ni da tsoro, ko ashana na ƙyasta sai na runtse ido."

Ya yi dariya har da tari. "Ai mai tsoro nake nema. Wuta ba ta kashe matsoraci, gwani take kashewa. Ga shi ke ce kullum a gida. Su waɗancan sun san sunan komai da Faransanci, amma ba su san kukan rumbu ba."

A jikin akwatin da ke saman baturan akwai ƙananan fitilu huɗu. Da su ya koya mini. Huɗu da uku, a ci a ba baƙo. In suka koma biyu, a sallami baƙo, a rage ci. In saura ɗaya, wannan iri ne. "A garinmu," in ji shi, "ko yunwa ta kai ina, matar gida ba ta taɓa damin da ke gindin rumbu. Wanda ya ci iri ya ci baɗi. Fitila ɗaya ta amaryata ce, ko gwamna ya zo ba a kunna masa fanka da ita."

Baƙin kuwa su ne maƙwabta. Waya uku ta fita daga gidanmu: ɗaya masallaci, ɗaya gidan Tanti, ɗaya shagon tela. A kan wannan muka yi faɗa, faɗa ɗaya tak da na taɓa yi da shi, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Wata bazara ce aka kwana biyu wutar kamfani ba ta leƙo ba, ga hazo ya rufe rana. Fitilu suka sauka zuwa biyu tun kafin la'asar. Ina zaune ina jin keken tela yana ta ruri ta bayan katanga, kowane ruri kamar daga jikin ɗiyata yake zuƙa. Na kasa daurewa. Na sami Baba yana alwala na durƙusa.

"Baba, a yanke wayoyin nan."

"Waɗanne?"

"Na mutane. Gaba ɗaya. Su riga suke ɗinkawa, mu rai muke riƙo."

Ya ajiye buta. "Biyu ne, ɗiyata. Na gani. Yanzu zan sallame su har gobe."

"Ba har gobe ba. A cire su kwata-kwata. Wa ya taimake mu da muka sayi kayan nan?"

Ban san muryata ta tashi ba sai da na ga Inna ta leƙo. Baba ya dube ni ya ce, "Rumbun da ba a ɗiba wa maƙwabci, ɓera ke cinye shi. Tsoronki na da kyau, amma kar ki bari ya zama rowa." Ya tashi ya tafi masallaci.

Kwana uku ina kai masa abinci in ajiye ba na ko ɗaga kai. A rana ta huɗu na fito na tarar ya kafa sabon tulu a cikin kwando, ya zagaye shi da yashi mai laima, a inuwar bayan randa. Ya ce, ba ni yake kallo ba, tulun yake kallo, "Tanti ta ce in komai ya ƙi, wannan zai riƙe magani yini ɗaya. Ba firigo ba ne, amma ya fi babu. Na ga ba kya barci." Nan ne faɗan ya ƙare. Bai nemi in ba shi haƙuri ba, ni kuma kunya ta hana ni. Wannan haƙurin da ban bayar ba yana nan tsaye a wuyana.

Daga baya tela ya sayi nasa pannon, Baba ya haɗa masa, suna yi suna zagin juna. "Bazabarme da rumbu! Ai kafin magariba ka cinye." "Kai dai ɗaura waya, bawana, ba a tambaye ka ba." Wayar da ke tsakaninmu ta zama ba ta da aiki. Na ce ko a cire ta tunda tana tare mana shanya. Ya ce, "Bar ta. Da can zumunta a ƙafa take, yanzu har a waya."

Da ƙafafunsa suka fara kumbura ya sa aka sauko da gonar daga saman kwano, aka kafa ta a kan ƙarafa a bayan ɗaki. Ya ce don ya huta da tsani ne. Sai bayan rasuwarsa na lura ba daidai tsayinsa aka kafa ta ba. Baba dogo ne. Daidai inda hannuna ke kaiwa aka kafa ta.

Yanzu ga abin da ya faru ranar sadakar uku.

Tun da aka fita da shi ban shiga ɗakin rumbu ba. Hularsa tana rataye a ƙusa a ciki, na kasa. Dangi sun zo daga Maraɗi mota biyu, an kafa rumfa a waje ta maza, mata sun cika tsakar gida. An aro fankoki an jona. Kowa ya zo da salularsa, wayar hannu, ya nemi inda zai soka ta sha wuta, har aka yi ta jona waya a kan waya kamar zaren gizo. Wani ma butar shayi ta wuta ya kawo. Wutar kamfani ta tafi tun asuba, maigidana ya rufe ƙofar kamfani ya buɗe rumbu yadda ya ga ana yi, ya koma wurin masu gaisuwa. Ni ina madafa, kaina ba ya tare da ni.

Bayan azahar sai ɗiyata ta zo ta ja mini zane. "Mama, rumbun Kaka yana kuka."

Na saki muciya. Kafin in kai ƙofa na ji shi, ƙit, ƙit, ƙit. Fitila ɗaya ce, ita ma tana ƙiftawa. A firigo kuwa akwai maganin wata guda cur, wanda Tanti ta karɓo mana shekaranjiya. Na ce yaya haka, ga rana kamar ta fasa dutse? Na zagaya bayan ɗaki da gudu.

Gonar Baba duk an rufe ta da tabarmi. A kan tabarmin an baza wankakken gero na gumbar sadaka, yana shan rana abinsa.

Ban san lokacin da na koma na ja makunnin baƙi da na gida gaba ɗaya ba. Fankoki suka tsaya, firigo ma ya tsaya. Gidan ya yi tsit, sannan ya ɗauki hayaniya. Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ta zo daga ƙauye kuma ita ke juya komai a zaman makokin, ta taso tana gyara ɗaurin ƙirji.

"Wa ya kashe wa mutane iska? Malamai na karatu a waje cikin wannan zafi!"

"Ni ce, Gwaggo."

"Ke? A gidan mutuwa? Yayana bai kwana uku a ƙasa ba har kin fara mulki? Maza kunna."

"Ba zan kunna ba."

Mata suka riƙe baki. Ni kaina ban san ina da wannan muryar ba. Ku da kuka san al'adarmu kun san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi, balle a gaban dangin miji. Shekara shida ban taɓa faɗin sunan yarinyar nan a gaban Inna ba. Ran nan na faɗe shi da ƙarfi, har sau biyu. Na ce maganinta na ciki, in ya lalace ban san inda zan sa kaina ba.

"Ji marar kunya," in ji wata daga baya. "Ƴaƴan birni ke nan."

Sai muryar Inna ta fito daga ɗakin takaba, a dushe. "Ku bar ta. Ita ya bar wa rumbu."

Gwaggo ta juyo. "Wane rumbu kuma a Yamai?"

Na kama hannunta, abin da ban taɓa yi ba, na kai ta ɗakin. Na nuna mata fitilar. Duk bayanin ya gudu, abin da ya zo mini kawai shi na faɗa.

"Gwaggo, an cinye. Saura iri."

Ta dubi fitilar, ta dubi hular da ke rataye. Matar da ta yi shekara sittin tana shiga rumbu ba ta buƙatar a ƙara mata ko kalma.

"Iri ne wannan?"

"Iri ne."

"La ilaha illallahu. Kuma mu muke ci?" Ta fita tana tafa hannu. "Kai, ku cire tsiyatakun salulolinku! Ku ɗauko mafici, da can da me uwayenku suka yi fifita?" Da na nuna mata geron, sai ta dafe kai. "Ni na sa a shanya. Na tambaya ina ne rana ta fi, aka ce mini ga gonar marigayi can. Na ce to, gero a gona ai gidansa ya zo." Ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, tana naɗe tabarmi tana cewa, "Yaya, ka yafe mini, na rufe maka gona." Da gefen zanenta ta goge gilasan, ɗaya bayan ɗaya.

Amma rana ta riga ta karkata. Na san lissafin da Baba ya koya mini: abin da gona za ta tara kafin magariba ba zai kai firigo safiya ba. Na jiƙa yashin tulu ina tunanin yini ɗaya ne kawai, in gobe ma kamfani bai dawo ba fa?

Ina nan durƙushe sai na ji keken tela, da ke ta ruri tun safe da ɗinkin mutane, ya yi shiru. Jim kaɗan sai ga shi ya yi sallama ya shigo har madafa, mata na kaucewa.

"Ina matar rumbu? Jawo firigon nan gaba."

Muka jawo. A bango, can ƙasa, akwai ɗan makunni da aka ɗaure da jan ƙyalle. Kullum ina shara a wurin ban taɓa kula ba.

"Ƙofar kamfani a rufe take?" ya tambaya.

"A rufe take, Baba tela."

Ya murɗa. Firigo ya yi ajiyar zuciya ya kama ruri.

"Wayar nan da ke tare miki shanya," in ji shi, "Bagobirinku ya juya ta tun bara. Ya sa na dafa masa kai na yi alkawari: duk ran da na ji gidan nan ya yi shiru da rana, in kashe keke in turo. Na ce ya gaya miki mana. Ya ce a'a, in ta san akwai wani rumbun za ta rage tsoro, ni kuwa tsoronta nake so." Ya share ido da bayan hannu. "Mugun mutum. Ya mutu ma yana sa ni aiki."

Ita ce wayar da na durƙusa na ce a yanke.

Yau kwana ashirin da shida. Kowace safiya ni ke ɗaukar bokiti da tsumma. Ban iya yi musu magana yadda yake yi ba, sai dai in yi salati. Ɗiyata tana riƙe mini bokitin, wani lokaci ta ce, "Mama, tsohon mijina ya daɗe a tafiyar nan." In ce mata e, ya daɗe. Hular tana nan a ƙusarta. In na shiga duba fitilu nakan gaishe ta a zuci, in ce Baba huɗu ne yau, ko Baba uku ne, an ba masallaci, an ba Tanti. Wani lokaci har in ji kamar zai yi gyaran murya a bayana ya ce in duba ƙofa. Tsoron bai bar ni ba, na kuwa daina roƙon ya bar ni.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sanyaya masa makwanci yadda ya sanyaya wa ɗiyata magani, Ya yafe mini haƙurin da ban ba shi ba.

Kai da ka karanta wannan, ina roƙonka ka yi masa addu'a, kowa yadda addininsa ya koya masa. In kana da gurup ko panno a gidanka, ka rufe ƙofar kamfani kafin ka kunna. In kuma za ku zo mana sadakar arba'in, muna maraba da ku, amma don Allah ku cika salulolinku tun daga gida, ku riƙo mafici. Abin da ke gindin rumbun nan iri ne.